Sabar da Sitali Ya Bari

Wayar ta sake rawa a ƙarƙashin cinyar Inonge. An fitar da kujerun falon tun jiya, mata sun cika ƙasa suna waƙar coci, ita kuma tana kan katifa a lungu, an lulluɓe ta da zanen citenge kamar yadda ake yi wa wadda mijinta ya mutu. Ba a son ta yi magana, balle aiki.

Sista Mwansa ce, daga ƙaramin asibitin da Inonge da mijinta Sitali suke kula wa da kwamfuta. An ɗauke wuta da safe, an dawo da ita, amma shafin ba da magani ya ƙi buɗewa. Masu karɓar maganin wata sun yi layi har bakin titi, wasu daga bayan garin Kafue suka taso, kuma ba a ba kowa ko ƙwaya sai an ga sunansa. Ta kira wayar Ba Sitali, kamar yadda suke ce masa don girmamawa, har ta gaji.

Inonge ta nemi ta gaya mata ya rasu, bakin ya ƙi. Ta ce a ba ta ɗan lokaci.

Ta jawo kwamfutarta cikin mayafin. Gwaggon Sitali ta hango haske ta jikin zanen, ta matso.

"Ke 'yar nan, ko binne shi ba a yi ba. Mutane na kallo fa."

"Su kalla, Gwaggo."

Ta shiga sabar asibitin, babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Lafiyarta ƙalau, manhajar da ke bayanta ce ba ta tashi ba. Ta duba umarnin da aka buga a baya, sai ga abin a fili: Sitali bai taɓa saita ta ta tashi da kanta ba. Duk ɗaukewar wuta, kuma Lusaka ba ta rasa wannan, shi ke shiga ya tayar da ita da hannu, ko yana cikin bas, ko yana tsakar cin tuwon nshima. Mutumin akwai son a neme shi. Ta yi tsammanin ganin haka zai sa ta kuka, amma ba ta ji komai ba sai zafin mayafi.

Ta rubuta ɗan fayil ɗin da ya kamata a rubuta tun farko, ta cire sunansa daga mai gudanar da manhajar, ta mayar da ita hannun sabar. Daga nan inda take ta sa injin ya kashe kansa ya sake kunnawa, ta jira. Ya dawo, manhajar ta tashi ba wanda ya taɓa ta.

Sista Mwansa ta kira da murna, ana jin layi ya fara motsi a bayanta.

"To in an sake ɗaukewa fa, Ba Inonge?"

"Da kanta za ta dawo."

"Kai, madalla! Ashe ba sai mun ƙara damun Ba Sitali ba. Bawan Allah ya huta da mu."

"E," in ji Inonge. "Ba sai kun dame shi ba."

Ta rufe kwamfutar, ta gyara mayafin yadda Gwaggo take so.