Takarda Ɗaya a Fayil ɗin Okechukwu

"Sake dubawa dai, akawu," in ji Malam Hamza. "Shekara huɗu fa mutumin nan yana yi muku aiki."

Oladipo, akawun kamfanin yankan katako da ke Sabon Gari, ya sake buɗe fayil ɗin. Takarda ɗaya ce tak a ciki: Okechukwu, mai kula da inji, an ɗauke shi 1971. Wurin sunan mahaifi babu komai, haka na garinsu, haka na wanda za a nema idan wani abu ya faru.

"Ranar da ya zo manaja yana sauri, ya ce a cike daga baya," in ji Oladipo, kansa a sunkuye. "Ni kuma ban sake bi ta kai ba."

Tun jiya gawar Okechukwu take asibiti. Bel ɗin inji ne ya fizgi hannun rigarsa, kafin a kashe wuta aikin gama ya gama.

Malam Hamza tela ne, ɗakinsa yana manne da na Okechukwu a gidan haya a Samaru. Da yamma sukan zauna a ƙofar shago suna ɓare gyaɗa. Okechukwu ya iya Hausa kamar Bazazzagi, don a nan ya tashi kafin rikici ya kore shi Gabas, amma ba ya son zancen gida. Abin da Malam Hamza ya sani shi ne matarsa ta mutu a yaƙin basasa, 'yarsu Chika kuma tana hannun kakarta a ƙauye. Sau ɗaya ya taɓa faɗin sunan ƙauyen, Malam Hamza yana taka keken ɗinki, bai riƙe ba.

Daga kamfanin ya wuce kasuwa, wurin Madam Josephine, wadda 'yan Gabas ke aika saƙon gida ta hannunta.

"Baba tela, Okechukwu na wane gari? Masu sunan nan sun fi goma a layin nan kaɗai."

"Dogo, mai tabo a goshi."

Ta girgiza kai. "Ba ya zuwa taronmu."

Ya zaga coci uku, ya tsaya tasha yana tambayar direbobin Anacha. Kowa sai ya ce masa Allah ya ji ƙansa.

Rana ta uku asibiti suka ce ba za su ƙara ajiyewa ba. Aka binne shi a maƙabartar Kirista, mutum shida ne a bakin kabarin. Malam Hamza ya tsaya daga gefe yana ta juya sunayen garuruwa a bakinsa, ko ɗaya bai zauna ba.

Da mai gida ya buƙaci ɗakinsa, Malam Hamza ne ya kwashe kayan Okechukwu. A ƙasan akwati ya tarar da sabon takalmin yarinya, ja, a naɗe cikin jarida. Ya gwada shi da tafin hannunsa, bai kai tsawonsa ba. Ya mayar da shi cikin jaridar, ya ɗora a kan kantar shagonsa, kusa da zarurruka.