Fura Cokali Uku

"Wa ya ba shi abu a baki? Wa?"

Naja'atu ba ta jira amsa ba. Ta ture matan da suka zagaye gadon, ta juya Abarshi kan ɓarinsa, ta zura masa robar injin zuƙa a maƙogwaro. Abin da ya biyo robar fari ne, da ɓarɓashin gero. Fura ce. Can jikin bango ta hango matarsa Ummusalma tana tura kwano ƙarƙashin mayafi.

Shekara tara Naja'atu tana aikin jinya a ɗakin gaggawa, ta ga sakarci iri-iri, amma ba ta taɓa jin zuciyarta ta tafasa irin ta yau ba. Abarshi maƙwabcinta ne a Ƙonni, katanga ɗaya ta raba su. Shekara talatin yana jan motar siminti daga Malbaza, kuma a gaban motar nan ya ɗora akwatinta ranar da za ta tafi makarantar jinya. Jiya da hantsi ya faɗi wurin alwala, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Da safen nan hawan jinin ya fara sauka, har ya matse mata yatsa. Likita ya ce akwai sa rai, da sharaɗi ɗaya: kada kome ya bi ta bakinsa, ko ɗigon ruwa, don ba ya iya haɗiya, abin da aka ba shi huhu zai nufa.

Ta faɗa kuwa. Ta faɗa wa wansa Liman, wanda ya tare ƙofa da babbar riga yana cewa shi ne babba, shi za a yi wa bayani. Sau biyu ta maimaita, ya kaɗa kai, ya koma gindin dogonyaro inda maza suka baje tabarmi. Ita kuma aka kira ta ɗinkin wani da babur ya kayar a hanyar Dogarawa. Minti ashirin kacal ta yi.

Da ta sa wa Abarshi robar iskar numfashi ta ga ƙirjinsa na sama da ƙasa da ƙyar, sai ta cire safar hannu ta nufi gindin bishiyar nan.

"Baba Liman, mi nic ce maka ɗazu?"

"Ke ɗiya, gaban mutane za ki yi min tsawa?"

"Ka gaya ma Inna Ummusalma?"

"Maganar likita ba ta mata ba ta," ya ce yana gyara hula. "Kuma ina anka taɓa hana ma maras lahiya ruwa? Na aza hwaɗin ku na, irin na ma'aikata."

Da ba furfura a gemunsa, Allah kaɗai ya san abin da za ta faɗa masa. Mazan nan su ke karɓar bayani, alhali ko cokali ba su taɓa riƙe wa majinyaci ba. Amma haushin da ya fi cin ta na kanta ne. Sau uku ta wuce Ummusalma a baranda, ba ta ce mata kome ba sai "ya mai jiki".

Zazzaɓi ya rufe Abarshi kafin magariba. Suka yi allurai, suka zuƙe, suka sake zuƙewa. Washegari bayan la'asar ya cika, ita ce ta rufe masa ido ta ɗaure masa haɓa.

Kafin sadakar uku labari ya gama unguwa. Liman ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, duk wanda ya zo sai ya gaya masa cewa asibiti sun bar ƙanensa da yunwa, wai har 'yar da suka rena ita ce kan gaba wajen hana shi abinci. Mai sayar da ƙosai ta daina amsa gaisuwar Naja'atu. Uwar Naja'atu ma sai da ta tambaye ta a hankali ko gaskiya ne.

Ranar ukun ta ja mayafi ta shiga gidan, maganarta a shirye. Za ta faɗi abin da ya kashe shi a tsakar gida, gaban matan da ke dakan gumbar sadaka, kowa ya ji, ta wanke sunanta. Ba ta kai ga buɗe baki ba aka ce Ummusalma na kiranta a ɗaki.

Tsohuwar na zaune kan tabarma cikin kayan takaba, ta rame kamar ta yi wata tana jinya. Ta jira har matar da ke tare da ita ta fita.

"Naja, leɓɓansa nig gani sun bushe sun tsattsage. Shekara arba'in ban taɓa barin shi ya wuce azahar bai sha hura ba. Cokali ukku ɗai nib ba shi." Ta ɗago ido. "Don Allah gaya min gaskiya. Hurag ga ta, ko?"

Daga zaure ana jin muryar Liman, ya samu sababbin baƙi ya sake ɗauko labarinsa daga farko. Naja'atu ta ji maganar ta taso mata har maƙogwaro. Ta dubi hannun tsohuwar da ya damƙe bakin tabarma.

"A'a, Inna," ta ce. "Hawan jini na. Ba hura ba ta."

Ummusalma ta sauke numfashi, ta jingina kai da bango, ta rufe ido.

Naja'atu ta fito tsakar gida. Matan suka bi ta da kallo, wata ta taɓe baki. Ta ɗaura mayafinta a ƙugu, ta karɓi taɓarya daga hannun wadda ta gaji, ta shiga kirɓawa har gero na tsalle daga turmin yana zuba ƙasa, kaji suna tsincewa.