Tsakiyar Labarin Malam Zekarya

"Malam, ka tsallake kuma," in ji Mazal, tana riƙe da cokalin miya a bakinsa. "Yanzu kana goye a bayan uwarka, kuna fitowa daga Yaman. Me ya kawo ma'aikatan asibiti?"

"Su ma ɗaukata suka yi, a matakalar nan," in ji tsohon. "Ke dai ba ki da haƙuri."

Malam Zekarya ya ƙare rayuwarsa yana koyar da nassin Ibraniyanci a unguwarsu ta Urushalima. Kullum yana cewa magabata ba sa jera labari kamar layin masu jiran burodi. Farko da ƙarshe suna kallon juna, na biyu da na kusa da ƙarshe ma haka, har a iso tsakiya, inda suke ajiye abin da ya fi ci musu rai. Da ciwo ya kwantar da shi, haka ya ɗauko wa maƙwabciyarsa Mazal tarihinsa.

Ita kuwa Mazal, Allah ya yi ta da son jin ƙwaƙwaf. Abu ɗaya take hari: me ya raba shi da 'yarsa Yona, wadda ta yi shekaru ba ta taka gidan ba? Don haka miyar da take kawo masa ba ta yanke ba.

Ya ba ta ranar da ya koyi karatu da ranar da idonsa ya mutu. Ya ba ta aurensa da jana'izar matarsa. Ran Alhamis ya ba ta haihuwar Yona, da safiyar da ta ja akwatinta ta fita.

"To, tsakaninsu fa?"

"Miyar nan gishiri ya yi mata yawa."

Da hantsin Juma'a ya cika. Mazal ta yi kuka, ta kuma ji haushinsa ƙwarai.

A zaman makoki ta tarar da Yona kan guntuwar kujera, wuyan rigarta a yage bisa al'ada. Ta miƙa mata dafaffen ƙwai, abincin masu makoki a wurinsu.

"Inna Mazal, me ya ce a kaina?"

"Bai ce komai ba, 'yar nan. Ya taho ta gaba ya tsaya ranar da aka haife ki. Ya taho ta baya ya tsaya ranar da kika tafi."

Yona ta yi karatu a gabansa tun tana ƙarama, ba ta bukaci bayani ba. Ta runtse ido.

"A tsakiya ya sa ni?"

Mazal ta gyaɗa kai, ta zauna a ƙasa kusa da ita, ba ta sake tambayar komai ba. Ƙwan yana tafin hannun Yona har ya huce.