Ɗigo Ɗaya a Kan Tire

"Nawa ya fito?" in ji Iya Tela.

Malama ta dubi ɗan lidon da ya tsaya a kan tiren magunguna. Ɗigo ɗaya ne.

"Shida," ta ce.

Shekara tara ƙofofinsu na kallon juna a hawa na biyu, amma sai da idon tsohuwar ya dushe Malama ta san da wannan wasa. Iya ce ta ɗinka littafin wasan da kanta, ta yi masa bango da ragowar labule. A cikinsa ita ce mai masaukin baƙi a kan wani tsauni. Kullum sai ta jefa ɗan lido, ta rubuta abin da ya samu masaukin: shida baƙon alheri, huɗu ruwan sama, ɗaya kuwa rashi. In ɗaya ta fito kwana uku a jere, mai masauki ta rufe ƙofa, wasa ya ƙare. Yanzu Iya ke jefawa, Malama kuma in ta taso daga makaranta ta duba mata, ta rubuta.

"Shida kuma?" Iya ta yi 'yar dariya. "Ni da ban taɓa tsintar ko allura ba, sai ga sa'a ta yi mini sallama a makon nan."

Ta miƙa hannu tana lalube, babban yatsanta ya sauka kan ɗan lidon, ya tsaya.

"Yatsan da ya shekara arba'in yana zura zare ne ɗigo ɗaya zai ɓace masa?"

Malama ta rasa inda za ta sa idonta. Daga kicin ana jin 'yar Iya na wanke tukunya. Ita ce ta tare Malama a matakala ranar da suka dawo daga asibiti, ta faɗa mata abin da likita ya ce, ta riƙe hannunta ta ce, "Don Allah kada ta sani."

"Jiya fa?" in ji Iya.

"Ɗaya."

"Shekaranjiya?"

"Shi ma ɗaya."

"'Yata ta ce likita ya ce sauƙi nake samu. Tana faɗa tana jan hanci, wai mura. Ita tausayin uwa take ji, na yafe mata. Ke fa, me likitan ya ce?"

Famfo na zuba a kicin.

"Ya ce makonni ne, Iya. Ƙila ma ba su kai ba."

Tsohuwar ta tura mata littafin.

"To. Ɗauki biro. Rubuta: yau mai masauki ta share ɗakuna duka. Ta ba makiyayi akuyarta, ta ce a kula, ba ta son ruwan sanyi. Ba ta sa wa ƙofa kwaɗo ba, kada wani ya zo cikin ruwa ya rasa mafaka." Ta numfasa. "Kin rubuta? Kira mini 'yata."

Daga ranar Iya ta daina karɓar ƙwayoyin, sai na rage zafi. 'Yar ta buga wa Malama ƙofa, idonta jawur.

"Wa ya aike ki? Da tana ci, tana dariya. Kin kashe mata zuciya."

"Ita ta tambaye ni."

"Ni ma ta tambaye ni!"

'Yar ba ta ƙara gaishe ta ba. Kwana goma sha ɗaya bayan nan Iya ta cika, da hantsi, Malama na aji. Ta sha lissafa kwanakin nan a ranta. Likita makonni ya ce. Wa ya sani ko da ta riƙe bakinta an kai wata?

Ranar Asabar ta hau rufin bene kwashe shanya, ta tarar da 'yar na kokawa da jiƙaƙƙen zanin gadon uwarta, iska na naɗe mata shi a fuska. Malama ta kama ɗaya gefen. Suka ja shi ya miƙe a kan igiya, ruwa na ɗiga musu a ƙafa.