Mama, Da Hatsi

"Yana ciki! Don Allah kar ku zuba, yana ciki!"

Obiajulu ne ke ihu. Ya baje hannuwa a ƙofar shagonsa, samari wajen goma sun kewaye shi, ɗaya riƙe da jarkar fetur. Ni kuwa ina leƙe ta tsagar ƙyauren shagon ɗinkina. Juma'a ce, washegarin zaɓen ƙananan hukumomi na 2008. Tun hantsi hayaƙi ya turnuƙe Jos.

"Wa ka ɓoye?" in ji mai jarkar. "Wane ne a ciki?"

Duk layin, ni kaɗai na san wa Obiajulu yake nufi.

Obiajulu ɗan Ibo ne, shekara tara muna maƙwabtaka a unguwar Abatuwa. Sana'arsa juye tsofaffin kaset ɗin bidiyo zuwa faifan sidi. Hausarsa irin ta Jos ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa. Ni kaina "kai Safara'u" yake kirana.

Mako uku kafin nan na kai masa kaset ɗin sunan 'yata. Marigayiya Inna ba ta yarda da hoto ba, a kaset ɗin nan kaɗai fuskarta ta rage mini. Amma ya tsufa, hoton ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa gero.

"Wannan hatsi ne," ya ce. "Haka sunansa da Turanci. Kwamfuta zai cire."

Na tuntsire da dariya. "To sheƙe mana shi, mai sussuka."

Ya kuwa sheƙe. Da ya kunna mini, sai ga fuskar Inna sumul kamar ta 'yar tsana. Tsagar gadonta, uku-uku a kumatu, babu ko alama. Ni kuma bakina ba linzami.

"Wannan ba uwata ba ce! Datti na ce ka goge, shi ne za ka goge mini uwa?"

"Madam, yi haƙuri. In ka wanke hatsi da yawa, zane yana tafiya tare. Kwamfuta bai san wane ne datti, wane ne Mama ba."

"To bar mini ita da hatsinta. Kuma kar ka ƙara gaishe ni sai ka dawo mini da uwata."

Ya ɗauki maganar da gaske. Kwana goma sha huɗu bai gaishe ni ba, ni ma na ɗaure fuska.

Yanzu ga shi tsaye gaban fetur yana roƙo: "Bari in fito da shi kawai!"

"Kun ji ko? Ya ɓoye wani! A ƙone su tare!"

Na ƙwala ihu ta bayan ƙyaure: "Uwata yake nufi! Kaset ne!" Ba wanda ya ji. Ban buɗe ba. Tsoro na ji, gaskiyar ke nan, kuma har gobe ina jin kunyarta.

Suka watsa fetur, aka ƙyasta ashana. Maimakon ya gudu, sai ya faɗa cikin shagon. Ya fito riga na ci da wuta, hannu ɗaya dafe da ƙirji. Wani mai gora ya sauke masa ita a ƙeya, ya durƙusa. Wani ya sare shi da adda a kafaɗa, ya ƙara a wuya. Na san mai addar. Ni na ɗinka wa matarsa kayan salla. Sai da harbin sojoji ya taso daga titi suka watse.

Na fito da atamfar da nake ɗinki na danne masa wuya. Nan take ta jiƙe sharkaf.

"Kai Safara'u," ya ce, da ƙyar. "Ina kwana?"

Ya zame hannunsa daga ƙirji. Faifai ne a kwalinsa, gefen kwalin ya narke. Kafin azahar ya cika, kansa a cinyata.

Kaset ɗin ya ƙone da shagon. Sai da na yi wata biyu kafin na iya buɗe kwalin. A jikin faifan ya rubuta da baƙin alƙalami: "Mama, da hatsi."

Na saka. Hoton ya fito tsaki-tsaki, yana rawa. Inna na zaune a tabarma da jaririya a hannu. Wani ya kira ta, ta juyo, ga zane uku a kumatunta.