Tsiron da Ya Sha Aski

Ranar da Mai Aski ya yanki kunnen Hedimasta, ranar ya yarda cewa hannunsa na dama ya fara yi masa gardama. 'Yar tsaga ce kawai, amma Hedimasta ya fita dafe da auduga kamar wanda ya dawo daga yaƙi, kafin yamma duk layin ya ji. Masu zuwa aski suka koma leƙowa su ce, "Bari in je in dawo." Jim kaɗan sai ya hango ƙeyarsu a sabon shagon tsallaken titi.

Matarsa ta ce ya je asibiti.

"In je in zauna a benci kowa ya gan ni? Gobe a ce hannun mai aski na rawa, har likita ya tabbatar?"

"To ai yanzu ma ana faɗa."

"Yanzu jita-jita ce. Ke ba ki san sana'a ba."

Ana cikin haka ƙanenta ya sauka, direban babbar mota da kowa ke kira Dogo. Da ya ji labari, ya zaro wani ƙulli daga aljihu. Iri ne a ciki, ƙanana kamar ƙura.

"Yaya, daga can nesa na samo shi. Mutanen wurin ko ƙofar asibiti ba su sani ba. Tsoho tukuf zai zura zare a allura yana cikin mota a kan gargada. Shuka, ya girma, ka jiƙa a ruwan zafi ka sha."

Ya ci abinci, ya ta da mota, ya tafi.

Mai Aski ya ɗauko tsohon bahon wanki, ya hudhuda gindinsa da ƙusa, ya cika shi da ƙasa da taki. Rabin irin ya binne da zurfi kamar mai ɓoye kayan sata, ko ɗaya bai fito ba. Ragowar ya barbaɗa a sama cikin fushi ya yayyafa ruwa, su ne suka tsiro.

Daga nan tsakar gidan ya zama majalisa. Tela ya zo ya ce a riƙa zuba masa toka, shi da haka ya raini itacen da ya raba shi da ciwon baya. Mai Walda ya ce toka ƙarya ce, tsohuwar ƙusa ake binnewa a gindi, tsiron ya sha ƙarfe. Kowannensu ya rantse rabonsa da likita tun yana goye. Mai Aski ya zuba toka, ya binne ƙusa, tsiron dai ya yi haƙuri ya rayu.

Ya tashi da ganye siri-siri, buzu-buzu, wani reshe ya yi gabas wani ya yi yamma. A saman kowanne kuma ga wani ɗan ƙullutu ya zarce 'yan uwansa. Mai Aski ya tsaya a kansa yana cizon leɓe. Duk rayuwarsa bai taɓa barin kai ya fita daga gabansa a haka ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko almakashi da mataji.

Ya daidaita sama, ya rage gefe, ya fitar da layi a bakin baho. Hannun na rawa, amma tsiro ba shi da kunne, ba ya kuma kai ƙara. Ya ja da baya ya duba, ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Tun daga ranar, ƙullutu na ɗago kai zai bi shi da almakashi. Ganyen da ya zube ya tattara ya jiƙa ya sha, yana yamutsa fuska.

"Maigida, kana jin sauƙi kuwa?"

"Yana aiki ta ciki."

Ta dubi kofin da ke kaɗawa a hannunsa.

Da Dogo ya sake biyowa, ya tarar da baho shafe kamar kan sabon soja. Ya zagaya shi.

"Yaya, ina furen?"

"Wane fure?"

"Furen ai shi ne maganin! Fari, mai rawaya a tsakiya. Shi ake shanyawa a jiƙa."

"Waɗannan ƙurajen da ke fitowa a sama?"

"Su ne za su buɗe!"

"To ka faɗa min?"

"Wa zai yi zaton mutum zai zaunar da ciyawa ya yi mata aski?"

Matar ta ruga kicin, amma ana jin dariyarta har waje. A ranar ta kwashe almakasan gida ta kulle a akwatinta.

Barin tsiron nan ba aski ya fi masa ciwon hannun wahala. Zai wuce ya kau da kai, yatsunsa na motsi su kaɗai. A ƙarshe furanni suka buɗe, ya shanya, ya jiƙa, ya sha. Ƙamshi dai akwai. Barci ma akwai, don rannan da rana tsaka wani baƙo ya shigo shago ya tarar da shi yana minshari a kujerar aski, ya lallaɓa ya tsallaka titi. Hannun kuwa ko a barci rawarsa yake yi.

Washegari ya jawo hula har gira, ya bi ta bayan layi ya nufi asibiti. Ya zauna a ƙarshen benci, kai a sunkuye. Da ya saci kallon na kusa da shi, sai ga Tela dafe da baya. Gaba kaɗan Mai Walda na ɓoye fuska da kati. Can kusa da taga, ƙafafu sun miƙe har tsakiyar hanya, Dogo ne.

"Wani na rako," in ji Tela, ba wanda ya tambaye shi.

"Ni ma," in ji Mai Walda.

"Dogo, kai fa?"

"Hawan jini, Yaya. Kowane wata ina nan. Kar ka gaya wa Yaya ta gida."

Aka kira Mai Aski. Ya cire hular ya shiga, ya miƙa hannun a kan tebur ya bar shi ya yi rawarsa. Likitan ya yi tambayoyi, ya juya zai ɗauko abin awo. Nan Mai Aski ya ga ƙeyarsa, layin ya karkace, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Likita, wa ya yi maka wannan aika-aikar?"

"Wani sabon shago ne a bakin titi."

"To gyara min hannun nan tukuna. Ranar da ya tsaya, ka zo in gyara maka kai."