Reshen Ƙaya

Bhekani ya durƙusa a yashi, ya ɗora reshen ƙayar daidai inda aka ce nan ruwa ya ja ɗansa.

"Lindani, ni ne babanka. Tashi mu tafi gida, sanyin ya isa haka."

Kowane ɗan ƙabilar Zulu ya san ƙa'idar. Wanda ya zo ɗaukar kurwar mamaci da wannan reshe ba ya yi wa kowa magana sai mamacin, har ya shiga ɗakin kakanni. In ya kuskura ya tanka wa wani, kurwar ta sauka ke nan. Ga matar Bhekani, MaZungu, a gida, tun jana'iza ba ta da barcin kirki, kullum sai ta ga yaron a mafarki, jiƙe sharkaf, yana rawar ɗari.

Ƙanensa Mandla, wanda ya rako shi don ya zama bakinsa, ya yi gaba ya kama musu kujeru a mota, har da ta Lindani. Bhekani ya miƙe da ƙyar, gwiwa na ƙara. Lokacin hutu ne, bakin tekun Durban ya cika maƙil, kiɗa ta ko'ina, ba wanda ya damu da wani tsoho mai zance da ƙaya.

Sai ya hango wata 'yar mitsitsiyar yarinya da bokitin roba, tana bin ruwan da ke janyewa, daidai wurin nan. Uwarta ta juya baya tana cinikin gasasshiyar masara. Ya ɗaga hannu, ya karkaɗa, ya doka ƙafa. Ina! Wani ma daga cikin 'yan hutu ya ɗaga masa hannu yana dariya. Gudu kuwa ya daɗe da fin ƙarfinsa. Igiyar ruwa ta taso. Bhekani ya ƙwala kira:

"Ke mai sayen masara! 'Yarki!"

Uwar ta zabura ta fizgo yarinyar, ruwa har ƙirji. Ta zo tana kuka tana godiya, tana ta kiransa baba, sai da idonta ya faɗa kan reshen ta toshe bakinta da hannu.

Ya sake durƙusawa, ya kira Lindani, ya ba shi haƙuri, ya roƙe shi. Reshen dai ga shi nan, ice ne kawai a hannunsa. Ransa ya ɓaci, bai kuma san da wa zai yi fushi ba.

Mandla bai ga komai ba. A mota Bhekani ya ajiye reshen a kujerar Lindani, yana gaya masa sunan kowane gari da kowane kogi da suka tsallake, don bai san abin yi ba in ba wannan.

MaZungu na tsaye a ƙofar gida da busasshen bargo a kafaɗa. Ko kallon mijin ba ta yi ba, reshen ta duba.

"Sannu da zuwa, ɗana."

Bhekani ya wuce ta a hankali. Har yanzu al'ada ta hana shi magana, amma ɗakin kakannin ga shi nan kusa, yana shiga kuma ba sauran abin da zai fake da shi.